LAMBAR JARUNTA A KASUWAR GWANJO: SOJOJIN RUWAN DA SUKA SAME TA DA ATTAJIRAN DA KE TARA TA

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. Akasarinmu da muka tashi a Arewa ba mu san teku ba sai a hoto, ko kuma ranar da neman abinci ya kai mutum Legas ko Fatakwal. Amma da wuya a sami wanda bai san minda ba, wato lambar nan da tsofaffin sojoji kan maƙala a ƙirji ranar fareti. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin irin waɗannan lambobi a rundunar sojojin ruwa ta Birtaniya, tare da wata kasuwa ta musamman da ta tsiro a kansu a birnin Landan, inda attajirai ke zuba dubban ɗaruruwan fam domin su mallaki ɗan guntun tagullar da bai cika tafin hannun yaro ba.

Mai karatu zai iya tambaya, shin me ake saye da wannan maƙudan kuɗi? Tagullar dai in an kai ta maƙera ba za ta sayi buhun gero ba. Abin da ake saye shi ne sunan da aka zana a bayanta, da labarin ranar da mai sunan ya sayar da ransa. Sai dai tarihi ya nuna cewa sau da yawa lambar takan yi daraja ne bayan mai ita ya gama shan wahalar duniya ya tafi. Za mu bi sawun sojojin ruwa huɗu domin mu ga yadda hakan ta kasance.

Asalin lambar Victoria Cross

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, manyan lambobin girma a Ingila na manyan hafsoshi ne. Ƙaramin sojan ruwa kuwa, komai bajintarsa, bai cika samun abin da ya wuce ladan ganima da yabon baki ba. Misali, waɗanda suka gwabza a yaƙin Trafalgar a 1805 sai a 1847 gwamnati ta amince a yi musu minda, aka fara raba ta a 1849, kuma ga waɗanda suka rage a raye kaɗai. Ke nan mutum ya jira fiye da shekara 40 kafin a tuna da shi.

Yaƙin Kirimiya, wanda Birtaniya da Faransa suka shiga a 1854 suna mara wa Daular Usmaniyya baya a kan Rasha, shi ya sauya wannan al'amari. A wannan yaƙi ne wakilan jaridu suka riƙa aiko da labarin fagen fama kai tsaye, mutanen gari suka ji irin wuyar da ƙananan sojoji ke sha. A ranar 29 ga Janairu, 1856, Sarauniya Biktoriya ta sa hannu a kan dokar ƙirƙiro lambar Victoria Cross, wadda za a bai wa duk wanda ya nuna jarunta ta fitar hankali a gaban abokan gaba, hafsa ne ko kurtu. Da gangan aka yi ta da tagulla maimakon zinariya ko azurfa. Kamfanin maƙeran ado na Hancocks da ke Landan shi ke ƙera ta tun daga farko har yau. An daɗe ana cewa daga igwoyin Rasha da aka kwaso a Sebastopol ake yanko tagullar, amma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa igwoyin da aka fi amfani da su ƙirar ƙasar Sin ne. A bayan sandar da ke riƙe da lambar akan zana sunan mai ita da muƙaminsa da jirginsa, a tsakiyar bayanta kuma ranar da ya yi bajintar. Ƙyallen ratayar na sojojin ruwa shuɗi ne, na sojojin ƙasa ja mai duhu, har zuwa 1918 da aka mayar da kowa kan ja. Daga 1856 zuwa yau sau 1,358 kacal aka bayar da ita, kuma rabon sojojin ruwa a ciki ya ɗan haura ɗari. A farko, wanda ba hafsa ba akan haɗa masa da fanshon fam 10 a shekara, adadin da aka daɗe ƙwarai ba a taɓa ba.

Charles Lucas: wanda ya buɗe fage

Bajintar farko da aka bai wa wannan lamba a teku ta faru. A ranar 21 ga Yuni, 1854, jirgin yaƙin HMS Hecla yana luguden wuta a kan ganuwar Rasha ta Bomarsund, a tsibiran Aland da ke Tekun Baltik, sai wani harsashin igwa ya faɗo a tsakiyar jirgin, lagwaninsa na ci yana huci. Aka yi ihu kowa ya kwanta. Wani saurayi ɗan ƙasar Ailan mai shekara 20, Charles Lucas, ya ruga ya sunkuci harsashin da hannu biyu ya wurga shi teku. Kafin ya taɓa ruwa ya fashe, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Nan take aka ƙara masa girma zuwa laftana, kuma yana cikin mutum 62 da Sarauniya ta maƙala wa lambar da hannunta a dandalin Hyde Park ranar 26 ga Yuni, 1857.

Lucas na cikin masu sa'a, domin ya kai muƙamin riya admiral, ya rasu a 1914 cikin rufin asiri. Abin mamaki, lambobinsa da ke gidan tarihin harkokin teku na Greenwich ba su ne na asali ba. Na asalin ya mance da su a jirgin ƙasa, ba a kuma sake ganinsu ba, sai aka yi masa madadinsu.

William Hall: ɗan bayin da ya tsaya bakin igwa

Na biyu shi ne William Hall, baƙar fata na farko da ya sami wannan lamba. An haife shi a wajajen 1827 a lardin Nova Scotia na Kanada. Iyayensa bayi ne da suka kuɓuta daga Amurka lokacin yaƙin 1812, jiragen Birtaniya suka kwaso su. Hall ya fara aiki a jiragen fatake, sannan ya shiga rundunar ruwan Birtaniya a 1852, ya kuma halarci yaƙin Kirimiya.

A 1857 sojojin Indiya suka yi wa Turawan mulkin mallaka bore. Aka sauke igwoyin jirgin HMS Shannon, sojojin ruwa ƙarƙashin Kyaftin William Peel suka ja su zuwa cikin ƙasa har birnin Lucknow. A ranar 16 ga Nuwamba aka umarce su da su fasa katangar wani hubbare mai kauri da ake kira Shah Najaf, inda masu boren suka ja daga. Aka matso da igwoyin dab da katangar, harsasai na zubowa daga sama kamar ruwan ƙanƙara. Ma'aikatan igwar suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga Hall sai Laftana Thomas Young, wanda shi ma ya ji rauni. Su biyun suka ci gaba da ɗurawa suna harbawa. An maƙala wa Hall lambarsa a 1859 a kan jirgin HMS Donegal.

A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Yaƙin da Hall ya yi bajinta a cikinsa yaƙin murƙushe mutanen da ke neman ƙwatar ƙasarsu ne, kuma waɗanda ke bayan waccan katanga su ma maza ne, amma babu wanda ya ƙera musu lamba ko ya rubuta sunayensu. Lambar yabo shaida ce ta ƙarfin zuciyar mutum guda. Ba ta wanke dalilin yaƙin, kuma wanda ya yi nasara shi ke raba ta.

Hall ya bar aiki a 1876 ya koma gida yana noma. Da ya rasu a 1904 aka binne shi a kabarin da ko alama babu. Sai a 1945 aka mayar da ƙasusuwansa harabar wata majami'a a garin Hantsport, aka gina masa abin tunawa. Lambobinsa sun yi shekaru a Ingila kafin a dawo da su Kanada a 1967, inda suka shiga hannun gidan tarihin Nova Scotia. A 2010 aka buga kan sarki da hotonsa, a 2024 kuma rundunar ruwan Kanada ta ƙaddamar da jirgin sintiri mai sunansa, shekara 120 bayan mutuwarsa.

Jack Cornwell: yaro ɗan shekara 16

Gwabzawa mafi girma a teku a Yaƙin Duniya na Ɗaya ita ce ta Jutland, wadda aka fara ranar 31 ga Mayu, 1916, tsakanin Birtaniya da Jamus. Jirage kimanin 250 suka haɗu, Birtaniya ta rasa mutum fiye da 6,000, Jamus kuma kusan 2,500. A cikin jirgin HMS Chester akwai wani yaro ɗan talakawan gabashin Landan, Jack Cornwell, wanda kafin ya shiga soja a 1915 yaron motar raba ganyen shayi ne. Aikinsa shi ne saita igwar gaban jirgi bisa umarnin da ake ba shi ta na'urar da ke kunnensa. Jiragen Jamus huɗu suka yi wa Chester rubdugu, abokan aikinsa a bakin igwar duk suka mutu ko suka jikkata. Shi ma ɓaraguzan ƙarfe suka shige masa ƙirji, amma ya ci gaba da tsayuwa a inda aka ajiye shi yana jiran umarni har faɗa ya lafa. Ya cika a asibitin Grimsby ranar 2 ga Yuni.

Da farko a kabarin gama-gari aka binne shi. Da jaridu suka bankaɗo labarin sai ƙasa ta ɗauka, aka tono shi aka sake yi masa jana'izar ban girma a ƙarshen Yuli. Aka rarraba hotonsa a makarantu, yara suka yi karo-karon kwabbai aka tara dubban fam da sunansa. A watan Nuwamba Sarki Joji na Biyar ya miƙa wa mahaifiyarsa, Alice, lambar Victoria Cross. Amma ita wannan baiwar Allah, wadda mijinta ma ya rasu a shekarar, ta ƙarasa rayuwarta ne hannu baka hannu ƙwarya, ta rasu a 1919 a unguwar talakawa ta Stepney. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Iyalin dai ba su sayar da lambar ba. A 1968 suka danƙa ta ga gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum, inda aka ajiye har da igwar da ya tsaya a bakinta.

James Magennis: mai nutson da ya shiga ƙarƙashin Takao

Labarin da ya fi kowanne haɗa jarunta da talauci da kasuwa shi ne na James Magennis. An haife shi a 1919 a wata unguwar talakawa 'yan ɗarikar Katolika a birnin Belfast na Ailan ta Arewa. Rashin aikin yi ya kai shi rundunar ruwa a 1935 yana ɗan shekara 15. A Disambar 1941 jirginsa, HMS Kandahar, ya taka nakiya a kusa da Tarabulus ta Libiya, ya tsira da ƙyar. Daga baya ya ba da kansa ga aikin wasu ƙananan jiragen ƙarƙashin teku, waɗanda tsawonsu bai fi mita 16 ba, masu ɗaukar mutum huɗu a takure, ko miƙewa tsaye ba a iya yi sosai. Ya koyi nutso, yana kuma cikin ayarin da ya je farmakin babban jirgin Jamus, Tirpitz, a Nowe a 1943.

A ƙarshen Yulin 1945 aka tura jirginsu mai lamba XE3, ƙarƙashin Laftana Ian Fraser, ya nutsar da jirgin yaƙin Japan mai suna Takao, wanda ke girke a mashigin Johor kusa da Singafo. Wani babban jirgin ƙarƙashin teku, HMS Stygian, ya ja su zuwa bakin mashigin ya sake su. Daga nan suka yi tafiyar kusan mil 40 su kaɗai, ta cikin nakiyoyi da ragar tsaro da jiragen sintiri. A ranar 31 ga Yuli suka iske Takao a ruwa marar zurfi, Fraser ya cusa ɗan jirginsu a ƙarƙashinsa da ƙyar. Wurin ya matse har murfin ƙofar fita ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, sai da Magennis ya matse jikinsa da kayan nutsonsa ya kutsa ta ɗan abin da ya samu.

Aikinsa shi ne ya manna nakiyoyi shida masu maganaɗisu a cikin jirgin. Sai ya tarar gansakuka da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo mai kaifi sun lulluɓe ƙarfen, maganaɗisun ya ƙi kamawa. Ya sa wuƙa yana kankarewa, hannuwansa na tsagewa, sannan ya riƙa ɗaure nakiyoyin bibbiyu da igiya ta ƙarƙashin jirgin don kada su zame. Duk wannan kuma na'urar numfashinsa na yoyo, kumfa na tashi saman ruwa inda kowane mai gadi zai iya hangowa. Bai koma ba sai da ya manna duka shidan, ya shiga jirgi a galabaice.

Da suka zo tafiya, sai ɗaya daga cikin akwatunan da ke maƙale a gefen jirginsu ya ƙi saki, jirgin ya karkace ya kasa tafiya daidai, ga shi agogon nakiyoyi ya riga ya fara aiki. Fraser ya ce shi zai fita. Magennis ya ce a'a, shi ne ya san aikin. Ya sake fita da ƙatuwar sifana, ya yi minti bakwai yana fama a cikin ruwan da ana iya hango shi daga sama, har akwatin ya faɗi. Da dare nakiyoyin suka tashi suka huda cikin Takao. Gaskiyar magana, jirgin ya riga ya nakasa tun Oktoban 1944 da wani jirgin Amurka ya harbe shi, kuma mako biyu bayan farmakin Japan ta miƙa wuya. Amma mutanen da aka aika ba su da masaniyar yadda yaƙi zai ƙare, abin da aka ce su yi shi suka yi. Fraser da Magennis duka aka ba su Victoria Cross, Sarki Joji na Shida ya maƙala musu a Disambar 1945.

Magennis shi kaɗai ne ɗan Ailan ta Arewa da ya sami wannan lamba a Yaƙin Duniya na Biyu. Mutanen Belfast suka buɗe asusun sule-sule suka tara masa fam 3,000 da 'yan kai. Sai dai garin a rabe yake gida biyu. Majalisar birnin, wadda ke hannun 'yan Furotesta masu goyon bayan zama da Birtaniya, ta ƙi ba shi girmamawar da akan bai wa fitattun 'ya'yan gari. 'Yan unguwarsu kuma da yawa suna ganinsa a matsayin wanda ya yi wa Sarkin Ingila bauta. Ya zama ba ya ga tsuntsu ba ya ga tarko. Ya bar soja a 1949, kuɗin suka ƙare a hidimar 'yan uwa da abokai, ɗansa ɗan shekara shida ya rasu a haɗarin mota. A 1952 babu ta sa ya sayar da lambarsa a kan fam 75. Da labari ya bazu aka sami mai son alheri ya sa aka mayar masa da ita, bisa sharaɗin ba zai sake sayarwa ba muddin yana raye. A 1955 ya ƙaura zuwa Yorkshire a Ingila, ya kama aikin lantarki a mahaƙar kwal. A can ya rasu a Fabrairun 1986.

Yadda kasuwar take

Watanni kaɗan bayan rasuwarsa, a Yulin 1986, aka kai lambar gidan gwanjo na Sotheby's a Landan. Wani ɗan kasuwa mai shekara 40, Michael Ashcroft, ya saye ta a kan fam 29,000. Ko an cire faɗuwar darajar kuɗi ta shekara 34, tazarar da ke tsakanin wannan da fam 75 ɗin da mai ita ya taɓa karɓa ta isa abin tunani. Ashcroft ya yi niyyar sayen guda ɗaya ne kawai, amma abin ya shige shi. Daga baya ya sayi ta Fraser, ya ci gaba da saye har ya tara Victoria Cross fiye da 200, tarin da babu kamarsa a duniya. Ya ba da fam miliyan 5 aka gina zaure na musamman a Imperial War Museum, aka buɗe shi a Nuwamban 2010 domin jama'a su gani kyauta. A 2025 hukumar gidan tarihin ta rufe zauren domin ta yi amfani da wurin wajen nuna tarihin yaƙe-yaƙen bayan 1945, matakin da Ashcroft ya fito fili ya yi tir da shi.

Farashi kuwa bai daina hawa ba. A Nuwamban 2017 gidan gwanjo na Morton & Eden ya sayar da lambobin Gordon Campbell a kan fam 840,000. Campbell shi ne gwanin jiragen tarko na Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda akan yi musu shigar jiragen fatake a ɓoye igwoyi a ciki. A Fabrairun 1917 ya bari da gangan aka harbi jirginsa, wasu ma'aikata suka yi kamar sun firgita suka tsere a kwale-kwale, sai da jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya taso ya matso sannan aka yaye lulluɓi aka nutsar da shi. Wani jikan ɗan uwansa ne ya sayi lambobin domin kada su fita daga dangi.

Ba kowane mai tarawa ne attajiri ba. Akwai dubban malaman makaranta da tsofaffin ma'aikata da ke sayen ƙananan lambobi, kuma suna da ƙungiyar bincike da aka kafa a Ingila tun 1942. A da, a rundunar ruwa, ƙasa da Victoria Cross akwai lambar DSC ta hafsoshi, da CGM da DSM na ƙananan sojoji, bambancin da sai a 1993 aka soke shi. Abu huɗu masana kan duba kafin su sa kuɗi. Na farko, sunan da ke gefen lambar ko bayanta, da salon harufan, domin 'yan damfara kan goge suna su zana wani. Na biyu, sanarwar da ta fito a gazet ɗin gwamnati, London Gazette, da rajistar ma'aikatan jirgin da ke ma'ajiyar takardun tarihi ta Kew. Na uku, ko lambobin mutumin suna nan a haɗe, domin in magada suka raba su ɗaiɗai darajarsu takan zube. Na huɗu, takardu da hotuna da wasiƙun da suka biyo su, da jerin hannayen da suka bi. Yawan gogewa don ta yi ƙyalli ma yakan cinye zanen ya rage mata kuɗi.

Ra'ayi ya rabu a kan wannan ciniki. Masu suka na cewa jinin mutum bai kamata ya zama haja ba, kuma tsadar ta sa ƙananan gidajen tarihi ba sa iya karawa da attajirai. Amurka ta bi wannan ra'ayi, dokarta ta haramta saye da sayar da babbar lambarta ta Medal of Honor. Birtaniya kuwa ta bar kasuwa a buɗe, sai dai gwamnati na iya dakatar da fitar da lamba waje na ɗan lokaci don a bai wa gidajen tarihi damar tara kuɗi. Masu goyon baya na cewa ba don masu tarawa ba, da yawancin lambobin nan sun ɓace a kwandon shara ko tukunyar maƙeri, kuma su ne ke tono labaran da hukuma ta manta. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Abin da ba a musu a kai shi ne, wanda ya sayar da lambarsa yana raye, galibi matsi ne ya sa shi.

Abin da ya shafe mu

A daidai lokacin da Magennis ke ƙarƙashin Takao, dubban 'ya'yan Arewa na cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kwasa a jiragen ruwa zuwa Indiya suka yaƙi Japan ɗin nan a dazuzzukan Bama. Sunayen barikoki irin su Chindit a Zariya da Myohaung a Legas daga can suka samo asali. Waɗanda suka dawo sun zo da tauraron Bama da sauran mindodi, kuma har yau akwai su a adakar gidaje da dama.

Ga inda gizo ke saƙar. Taurari da mindodin halartar Yaƙin Duniya na Biyu da gwamnatin Birtaniya ta raba ba a zana musu suna ba, sai lambobin jarunta kaɗai. Saboda haka ranar da minda ta rabu da gidan mai ita, ta zama ƙarfe kawai, babu mai iya cewa ta wane ce, ko a kasuwa ma kuɗinta kaɗan ne. Dillalin da ya zo ya ba da 'yan dubbai ya tafi da ita bai ƙaru da abin kirki ba, gidan kuwa ya yi asarar da ba ta mayuwa. Abin da ke riƙe da darajarta shi ne littafin sallamar tsohon, da lambarsa ta soja, da sunan bataliyarsa, da hotonsa, da abin da 'ya'yansa suka ji daga bakinsa.

Kammalawa

Hall ya jira shekara 41 kafin a san kabarinsa. Magennis kuwa sai a Oktoban 1999, shekara 13 bayan rasuwarsa, aka kafa masa abin tunawa a harabar majalisar birnin Belfast, wadda ta juya masa baya a 1945. An iya gyara waɗannan kurakurai ne domin an rubuta sunayensu da ranakun bajintarsu tun farko, aka kuma adana takardun. Namu tsofaffin ba su da gazet a kusa, kuma waɗanda suka ji labari daga bakinsu su ma suna ta ƙarewa. Don haka duk wanda ya je gida hutun sallah ko na ƙarshen shekara, ya nemi a buɗe adakar nan. Ya ɗauki hoton mindodin gaba da baya, ya rubuta cikakken sunan mai su da lambarsa da inda ya yi yaƙi, ya zauna da dattawan gida ya naɗi abin da suka tuna. A bar lambobin a haɗe a hannun mutum guda amintacce, kada a raba su a gado, kada kuma a goge su. Yabon gwani ya zama dole, amma sai an san sunan gwanin ake iya yaba masa.